'Ya Ta Biyu: Yadda Dokar Ƙayyade Haihuwa da Neman Magaji Suka Cika Gidajen Marayu a Ƙasar Sin

Da asuba ake ajiye su, kafin gari ya waye. Wata a ƙofar kasuwa, wata a bakin tashar mota, wata a gindin katangar ofishin hukuma, duk dai inda aka tabbatar jama'a za su wuce ba da jimawa ba. Jaririyar na cikin kwali ko kwando, an naɗe ta da tufafi masu kauri saboda sanyi. A gefenta akwai ƙunshin madarar gari da kwalbar ba ta madarar, wani lokaci har da 'yan kuɗi. A ƙirjinta kuma an maƙala wata 'yar takarda, sau da yawa ja, ɗauke da rana da sa'ar da ta faɗo duniya. Babu suna, babu garin iyaye, domin yar da jariri laifi ne a dokar ƙasar, kuma babu wata hanyar hukuma da iyaye masu rai da lafiya za su bi su miƙa ɗansu. Wasu iyayen sun faɗa wa masu bincike daga baya cewa ba su bar wurin ba, laɓewa suka yi suna kallo har sai da suka ga wani ya sunkuya ya ɗauke ta.

Haka lamarin ya yi ta faruwa a ƙauyuka da garuruwan ƙasar Sin, musamman a lardunan tsakiya da na kudu irin su Hunan, Hubei, Jiangxi, Anhui da Guangdong, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000. Kusan duk lafiyayyun jariran da ake tsinta mata ne. Wanda ya ji labarin daga nesa yakan yanke hukunci nan take, ya ce Sinawa ba sa son 'ya'ya mata. Amma wanda ba ya son yarinya ba ya naɗe ta da bargo, ya ajiye mata madara, ya tsaya cikin sanyi yana gadinta. Akwai abin da ya fi ƙiyayya nauyi a cikin wannan al'amari, kuma ba za a gane shi ba sai an duba abubuwa uku da suka haɗu a kan uwa guda: tsohuwar buƙatar ɗa namiji, sabuwar dokar ƙayyade haihuwa, da rufe ƙofar riƙo.

Buƙatar ɗa namiji ta girmi gwamnatin Kwaminis da dubban shekaru. A tsarin iyali na Sinawa, zuri'a ta wajen uba take bi. Ɗa namiji ne ke ɗaukar sunan gida, shi ne ke kula da kaburburan kakanni da bukukuwan tunawa da su, shi ne ke zama a ƙauyen ya kawo mata cikin gidan. Malaminsu na dā, Mengzi, ya ce cikin abubuwa uku na saɓa wa iyaye, mafi girma shi ne mutum ya rasa magaji. Ita kuwa 'ya mace, da an aurar da ita ta koma ta dangin miji, hidimarta ta koma kan surukanta. Suna da karin magana mai cewa 'yar da aka aurar kamar ruwan da aka zubar ne. Suna kuma da wata mai cewa ana renon ɗa namiji ne don tanadin tsufa, kuma wannan ta biyun ita ce ta fi taɓa rayuwar manomi kai tsaye. Ma'aikacin gwamnati a birni yana da fansho. Manomin karkara ba shi da komai sai ɗansa, domin sai a shekarar 2009 gwamnati ta fara wani tsarin fansho na mutanen karkara mai faɗi. A farkon shekarun 1980 kuma an rushe gonakin gama-kai, an raba wa kowane gida filinsa ya noma da ƙarfinsa. Wato a daidai lokacin da hukuma ta ce wa manomi ya dogara da hannayen gidansa, a lokacin ne ta ce masa kada ya haifi fiye da ɗaya.

Har a sunaye ana ganin wannan ƙishirwa. Akwai mata da yawa a Sin masu suna Zhaodi, wato mai kira wo ƙane, ko Laidi, ƙane ya zo. Yarinya ta tashi tana amsa sunan da ke tuna mata kullum cewa wani ake jira. Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Muna da Tanko, namijin da ya zo bayan jerin mata, kuma mun san gorin da mace mai haihuwar 'ya'ya mata ke sha daga dangin miji. Bambancin shi ne a ƙasar Hausa gidan da ya haifi mata biyar yana ci gaba da haihuwa har Allah Ya kawo Tanko, ko kada Ya kawo. Nauyin yana kan uwa, wani lokaci har a yi mata kishiya a kan haka, amma babu wanda ke cewa sai an fitar da ɗaya daga cikin 'yan matan kafin a sami gurbin namiji. A Sin wannan gurbin ne doka ta ƙirƙiro.

Tun kafin dokar ɗa ɗaya, haihuwa ta riga ta ragu sosai. A shekarun 1970 gwamnati ta yi kamfe na jinkirta aure, tazara tsakanin haihuwa da rage yawanta, kuma cikin shekaru takwas kacal matsakaicin haihuwar mace ya sauko daga kusan 6 zuwa ƙasa da 3. Amma shugabannin da suka biyo bayan Mao Zedong, jagoran ƙasar na farko a mulkin Kwaminis, suna gaggawar bunƙasa tattalin arziki, jama'a kuma sun doshi biliyan ɗaya. Wani masanin makamai masu linzami, Song Jian, ya kawo lissafin da ya tsorata su game da yawan jama'a nan gaba. A ranar 25 ga Satumba 1980 kwamitin tsakiya na jam'iyyar Kwaminis ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kiran ma'aurata su tsaya a ɗa ɗaya. Aka bi da ƙarfi. A shekarar 1983 kaɗai an yi wa mutane fiye da miliyan 20 aikin hana haihuwa na dindindin, mafi yawansu mata.

Karkara ta ƙi, aka fara samun rahotannin kashe jarirai mata har a jaridun gwamnati. Don haka daga 1984 aka sassauta, kuma a nan ne aka yi abin da, a ganina, ya fi komai cutar da 'ya mace. A yawancin lardunan aka ce manomin da ɗansa na fari namiji ne ya tsaya nan. Wanda kuwa ya fara da mace, an ba shi damar sake gwadawa sau ɗaya bayan wasu shekaru. Mutane suka riƙa kiran wannan tsarin ɗa ɗaya da rabi. An yi shi ne don a rage wa manoma raɗaɗi, amma saƙon da ya isar a fili yake: hukuma da kanta ta amince cewa gidan da ke da 'ya mace kaɗai bai cika ba.

A duba lissafin. Kusan rabin ma'aurata za su fara da mace. Daga cikin waɗannan, kusan rabi za su sake haihuwar mace. Ke nan kimanin gida ɗaya cikin huɗu zai wayi gari da 'ya'ya mata biyu, damarsa ta ƙare. Kuma ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa ita ce bayan haihuwar fari a sa wa mace roba a mahaifa, bayan ta biyu a ɗaure mahaifar gaba ɗaya. To, ka sa kanka a ɗakin da aka haifi 'ya ta biyu cikin dare. Uwar miji tana tsaye, miji ya yi tagumi, mai jego ta san cewa idan aka rubuta sunan wannan yarinya a littafin hukuma, cikin 'yan makonni za a zo a kai ta asibiti, maganar ɗa namiji ta mutu har abada. Idan kuwa yarinyar ta ɓace kafin a rubuta ta, sai a ce cikin ya zube ko jaririyar ta koma, gurbin yana nan a buɗe. Wannan shi ne zaɓin da aka ajiye a gaban miliyoyin mata masu ɗanyen jego.

Binciken da aka yi ya tabbatar da haka. Kay Ann Johnson, wata malamar jami'a Ba'amurkiya wadda ita kanta ta ɗauko riƙon yarinya daga birnin Wuhan, ta shafe shekaru tare da abokan aikinta Sinawa suna zagaya ƙauyuka suna tattaunawa da iyalan da suka yar da 'ya'yansu da waɗanda suka tsinta suka riƙe. A cikin iyalai fiye da 200 da suka fara tattara labarinsu, kusan tara cikin goma na yaran da aka yar mata ne. Mafi yawansu ba su da ɗan'uwa namiji, kuma galibi su ne na biyu ko na uku a jerin mata. Da wuya a yar da 'yar fari. Da wuya kuma a yar da yarinyar da ta zo bayan namiji, sai dai in tsoron tara ya tilasta. Abin da iyayen suka yi ta nanatawa shi ne cewa gidan da ya dace shi ne mai namiji da mace. Suna son 'yar, amma ba za su iya rayuwa babu ɗan ba. Sunan da Johnson ta sa wa littafinta na 2004 ma ke nan: son 'ya mace, buƙatar ɗa namiji.

Mai karatu zai ce me ya hana su haifi na uku su biya tara? Wasu sun yi. Amma tarar takan ninka abin da gida ke samu a shekara sau da yawa. Wanda ya kasa biya, a wasu wuraren an kwashe masa hatsi da dabbobi da kayan ɗaki, wani har rufin gidansa aka kware. Ma'aikacin gwamnati aikinsa ne zai tafi. Mai kuɗi kuwa ya biya ya wuce, kamar fitaccen mai shirya fina-finai Zhang Yimou da aka ci tarar yuan miliyan 7.48 a 2014 saboda 'ya'ya uku. Su ma jami'an ƙauye ba su da sararin tausayi, domin daga farkon shekarun 1990 an ɗaure ƙarin girmansu da adadin haihuwar yankinsu. Ko da jami'i ya yi ƙoƙari a noma da haraji da komai, idan haihuwa ta wuce adadin da aka yanka masa, duk sauran aikinsa ya tashi a banza. Shi ya sa yar da jarirai ke ƙaruwa a duk lokacin da aka tsananta kamfe, ya lafa idan aka sassauta.

Abu na uku shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai, wataƙila don na tashi cikin al'ummar da riƙo ba abin mamaki ba ne. A wajenmu yaro na iya tashi a hannun goggo ko kaka ko aminiyar uwa, babu takarda, babu kotu. Sinawan karkara ma suna da irin wannan. Da doka ta matsa, abu na farko da iyaye suka yi shi ne neman inda za su ɓoye 'yar: wajen kakarta ta wajen uwa a wani ƙauye, wajen 'yar'uwar da ba ta haihu ba, ko gidan da ke da maza biyu suna marmarin mace. Wasu ma da gangan suke ajiye jaririyar a ƙofar irin wannan gida. Kuma mutane sun karɓa. Yaran da Sinawa suka riƙe a tsakaninsu ba tare da sanin hukuma ba sun fi waɗanda suka shiga gidajen marayu yawa nesa ba kusa ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen cewa babu mai son 'ya mace a ƙasar.

Hukuma ta ga cewa riƙo ya zama ƙofar da ake zille wa doka, sai ta toshe ta. Dokar riƙon yara da ta fara aiki a 1992 ta ce mai ɗaukar riƙo dole ya kasance ba shi da ɗa ko ɗaya, kuma ya kai shekara 35. A ƙauyen da ake aure da wuri, mutum nawa ne ke cika wannan sharaɗi? Wanda ya tsinci jaririya a hanya ya kai ta gida alhali yana da nasa, ana iya cin sa tara kamar shi ya haife ta, wani lokaci a ƙwace ta. Sai a 1999 aka sauke shekarun zuwa 30 aka ɗan sassauta. Ita kuma yarinyar da aka ɓoye ba ta da hukou, wato rajistar gida wadda a lokacin da ita ake shiga makaranta, a je asibitin gwamnati, a yi katin shaida, a yi aure bisa doka. Irin waɗannan yara ana kiransu baƙaƙen yara, ma'ana waɗanda babu su a takarda. Ƙidayar 2010 ta gano mutane kimanin miliyan 13 marasa hukou, kuma kaso mai yawa daga cikinsu haihuwar da ta saɓa wa doka ce ta jefa su cikin wannan hali.

Da aka rufe ƙofar dangi da maƙwabta, sai gidajen marayu na gwamnati suka cika maƙil, ga ƙarancin kuɗi da ma'aikata. A farkon shekarun 1990 jarirai sun mutu da yawa a cikinsu. Wani shirin talabijin na Birtaniya a 1995 da rahoton ƙungiyar Human Rights Watch a 1996 sun fallasa halin da ake ciki, gwamnatin Sin ta musanta da kakkausar murya. A cikin wannan yanayi ne ƙofar waje ta buɗe. Dokar 1992 ɗin da ta ƙuntata wa Sinawa ita ce ta ba baƙi damar ɗaukar yara. Daga lokacin, yara fiye da 160,000 sun bar ƙasar, kimanin rabinsu zuwa Amurka, sauran zuwa Sifaniya, Kanada, Holan da wasu ƙasashe. A 2005 kaɗai kusan 8,000 suka tafi Amurka. Yawancin waɗanda suka ɗauke su sun yi ne da kyakkyawar niyya, an kuma gaya musu cewa yaran ba su da kowa.

Sai dai a wancan lokacin kowane mai ɗauka yana ba gidan marayun gudummawar dole ta kimanin dala 3,000, kuma inda kuɗi irin wannan ya shiga, jariri na iya zama haja. A 2005 aka bankaɗo wata badaƙala a lardin Hunan inda wasu gidajen marayu ke sayen jarirai daga hannun dillalai. A 2011 mujallar Caixin ta ƙasar ta ba da rahoton cewa jami'an tsarin iyali a yankin Shaoyang sun ƙwace yara aƙalla 16 daga iyalan da suka kasa biyan tara, aka kai su gidan marayu, aka sa musu sunan Shao, wasunsu suka ƙare a ƙasashen waje. A takardunsu an rubuta cewa tsintar su aka yi. Wato daga cikin 'yan matan da suka girma suna ɗauka iyayensu sun yar da su, akwai waɗanda fizge su aka yi daga hannun kakanninsu.

Na'urar hoton ciki ta sauya salon matsalar ba tare da ta magance ta ba. Da ta bazu zuwa asibitocin ƙananan hukumomi, sai aka koma gano jinsin tun a ciki a zubar. An haramta faɗin jinsi, amma ana yi a ɓoye. Bisa ɗabi'a ana haihuwar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100. A ƙidayar 1982 adadin Sin ya kai 108, a 1990 ya kai 111, a 2000 ya kusa 117, a 2004 ya haura 121. Abin lura shi ne a ƙidayar 2000 haihuwar fari tana kusa da daidai, wajen 107, amma a haihuwa ta biyu adadin ya wuce 150. A nan ma dai 'ya ta biyu ce. Ƙidayar 2020 ta nuna maza sun fi mata yawa da kusan miliyan 35.

Ba na son a fahimce ni kamar ina ɗora komai a kan doka. Koriya ta Kudu ba ta taɓa tilasta ɗa ɗaya ba, amma a 1990 adadinta ya haura 116, domin mutane da kansu sun rage haihuwa alhali suna nan da neman magaji. Ta dawo daidai ne bayan mata sun yi nisa a ilimi da aiki, fansho ya faɗaɗa, aka kuma soke tsarin rajistar iyali da ke bin namiji kaɗai. A Indiya, inda nauyin kuɗin aurar da 'ya ke kan iyayenta, ƙidayar 2011 ta nuna yara mata 'yan ƙasa da shekara bakwai ba su kai 920 a kan maza 1,000 ba, kuma tun 1992 jihar Tamil Nadu ta ajiye gadajen jarirai a cibiyoyin lafiya don iyaye su ajiye 'ya maimakon su kashe ta. Duk inda iyali ya ƙanƙance, ko da doka ko da son rai, alhali tsufan mutum da sunansa suna rataye a wuyan ɗa namiji, 'ya mace ce ke biya. Abin da dokar Sin ta ƙara shi ne gaggawa da tsoro, da kuma hukunta duk wanda ya yi ƙoƙarin ceton yarinyar.

Akwai ma hujja daga cikin ƙasar kanta. A gundumar Yicheng ta lardin Shanxi, tun 1985 wani masanin yawan jama'a, Liang Zhongtang, ya shawo kan hukuma ta bar manoma su haifi biyu ko mene ne jinsin na farko, muddin sun jinkirta aure sun ba da tazara. An yi shekaru ana wannan gwaji ba tare da an yayata shi ba. Jama'ar gundumar ba su ƙaru fiye da na sauran ƙasar ba, kuma adadin maza da mata ya zauna kusa da na ɗabi'a. Manoman Yicheng Sinawa ne kamar kowa, masu kakanni da gonaki da tsoron tsufa. Shugabanni sun san da wannan sakamako, amma sai a farkon 2016 aka bar kowa ya haifi biyu, a 2021 aka ce uku.

Kafin nan fuskar yaran da ake yarwa ta riga ta sauya. A watan Janairun 2014 birnin Guangzhou ya buɗe wani ɗan ɗaki inda iyaye za su iya ajiye jariri su danna ƙararrawa su tafi. Cikin ƙasa da wata biyu aka ajiye yara 262, har aka rufe wurin don ya fi ƙarfin ma'aikata. Kusan dukkansu masu ciwo ne ko naƙasa, kamar ciwon zuciya da shanyewar ƙwaƙwalwa, kuma mazan ciki sun fi matan yawa. Iyayen da ba su da kuɗin magani ne, da waɗanda ke ganin idan ɗa ɗaya ne rabonsu to dole ya zama lafiyayye.

A yau yawan jama'ar Sin yana raguwa tun 2022, gwamnati kuma tana biyan iyaye kuɗi don su haihu. A watan Satumban 2024 ta sanar da rufe ƙofar ba baƙi riƙon yara. 'Yan matan da aka ajiye a kwali a shekarun 1990 yanzu sun haura shekara ashirin da biyar, wasu sun yi aure sun haihu a Amurka da Turai. Da yawansu suna komawa garuruwan da aka ce an tsince su, suna manna hotunansu na jarirantaka a bangon kasuwa, suna ba da yawu a gwada ƙwayar halitta, da tafinta a gefe domin ba sa jin yaren. A ɗaya ɓangaren kuma akwai tsofaffin mata a ƙauyukan Hunan da Jiangxi da ke zuwa ba da jininsu, wasu a ɓoye ba tare da sanin ɗan da aka haifa daga baya ba. Idan aka dace gwaji ya haɗa su, abin da akan fara ciro wa a gwada shi ne ranar da ke rubuce a jar takardar nan, a ga ko ta yi daidai da wadda uwar ta riƙe a ka tsawon shekarun nan.